Yadda za ka ajiye sabar a gida alhali layin intanet ɗin ba naka kaɗai ba ne

Tsohuwar kwamfutar da ke kwance a lungun ɗaki za ta iya zama ma'ajiyar hotunan iyali, ko rumbun littattafanka, ko gidan ƙaramin shafin intanet. Ɗora mata Linux ba ya cin lokaci. A cikin gida komai yana tafiya lami lafiya: ka rubuta adireshinta a waya, shafi ya buɗe. Ranar da ka fita, ka nemi sabar ɗinka, wato wannan kwamfutar da ke ajiye maka kayan, daga waje, nan za ka ji shiru. Ka koma ka buɗe ƙofa a rauta, na'urar da ke raba intanet a gida, kamar yadda kowa yake cewa a yi, har yanzu shiru.

Ni ma na sha wannan wahalar. Na kwana biyu ina sauya saiti, ina zargin kwamfutar, ina zargin rauta, ashe duk ba su da laifi. Kamfanin da ke ba ni intanet ne ya haɗa ni da ɗimbin mutane a kan adireshi guda. Abin da na koya daga baya, wanda shi ne ƙashin bayan wannan jagorar: idan na waje ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, to sabar ɗinka ce za ta fita ta miƙa hannu, ta riƙe hanyar a buɗe.

Me ya sa ba a samunka daga waje

Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kawai. Hukumar IANA da ke rabon su ta raba ragowar na hannunta a watan Fabrairun 2011. Tun kafin nan aka fito da dabarar NAT, wadda ke ba na'urori da yawa damar fita intanet da adireshi ɗaya. Ka ɗauke ta kamar babban gida mai ɗakuna da yawa, ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya. Idan ka aika saƙo waje, maigadi yana rubuta sunanka, amsa ta dawo ya kawo maka. Baƙon da ya zo haka kawai, babu wanda ya aika a kira shi, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Buɗe ƙofa a rauta shi ne ka ce wa maigadi: duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba 443, ka kawo shi ɗakina.

Wannan yana aiki ne idan maigadin naka ne. Akwai yanayi biyu da ba haka ba. Na farko, rautar ta wani ce: mai gidan haya, ko hukumar ɗakin kwanan ɗalibai, ko abokin zama da ya riga ka ɗaura layin. Na biyu, rautar taka ce, amma bayanta akwai wani maigadin a cikin kamfanin intanet, wanda ba ka da iko da shi. Wannan shi ake kira CGNAT. Kusan duk intanet na layin waya, 4G da 5G, haka yake, kuma Starlink ma haka take yi wa masu tsarin gida na yau da kullum a ɓangaren IPv4.

Mataki na farko: gano halin da kake ciki

Kada ka taɓa komai sai ka yi wannan binciken. Minti biyar ne, zai cece ka daga ɓata kwanaki.

A kan sabar, rubuta:

```
curl -4 https://ifconfig.me
```

Lambar da ta fito ita ce adireshin da duniya take ganinka da shi. Sai ka shiga shafin rauta, galibi a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka duba adireshin da aka rubuta a ɓangaren WAN, wato ɓangaren da ke fuskantar waje. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, kana da adireshi na fili, buɗe ƙofa zai yi maka aiki. Idan sun bambanta, akwai wani NAT a gabanka. Adireshin WAN da ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 shaida ce ƙarara ta CGNAT, domin a 2012 aka ware wannan zangon musamman don wannan aikin. Idan kuwa ya fara da 10, ko 192.168, ko ya faɗo tsakanin 172.16 da 172.31, to ko dai wata rautar ce a gaban taka a cikin ginin, ko kuma kamfanin ne yake amfani da adireshin cikin gida.

Idan ba ka da kalmar sirrin rautar ma, ba sai ka wahalar da kanka ba. Ka ɗauka ƙofa a rufe take.

Sannan duba IPv6, sabon tsarin adireshin da ba ya fama da ƙaranci irin na IPv4:

```
ip -6 addr
curl -6 https://ifconfig.me
```

Adireshin da ya fara da 2 ko 3 na fili ne. Wanda ya fara da fe80 ko fd na cikin gida ne, ba ya fita waje. Mutane da yawa suna da IPv6 ba su sani ba. Idan kana da shi, babu NAT tsakaninka da duniya, abin da ya rage shi ne katangar tsaron rauta ta yarda baƙo ya shigo. Sai dai wanda zai ziyarce ka shi ma dole ya kasance yana da IPv6, kuma har yau akwai ofisoshi da wuraren Wi-Fi da yawa da ba su da shi. Shi ya sa nake ɗaukarsa ƙari, ba na dogara da shi kaɗai.

Wani abu mai sauƙi da ake mantawa: ka tambayi kamfanin intanet ɗinka ko suna bayar da adireshi na fili. Wasu suna cire mutum daga CGNAT idan ya nema, wasu sai da ƙarin kuɗi, wasu sai a tsarin 'yan kasuwa. Ka kuma karanta sharuɗɗansu, don akwai masu hana ajiye sabar ta jama'a a layin gida.

Mataki na biyu: gyara sabar kafin kowa ya iso gare ta

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk hanyar da za ka bi daga baya, wannan matakin ba a tsallake shi.

Ɗora Debian ko Ubuntu Server, duka nau'o'in Linux ne, ka haɗa kwamfutar da rauta ta wayar Ethernet idan da hali, domin Wi-Fi yana yankewa a lokacin da ba ka kusa. Ka ba ta adireshin cikin gida da ba ya canzawa, ko ta shafin rauta ko a kan ita kwamfutar. A BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin da kwamfuta ke tashi, nemi saitin da ke sa ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Idan laftof ce, ka hana ta barci idan an rufe murfi, ta hanyar sa `HandleLidSwitch=ignore` a fayil ɗin `/etc/systemd/logind.conf`.

Daga nan sai SSH, wato hanyar da za ka riƙa shiga sabar daga nesa. A kan kwamfutar da kake aiki da ita, ƙirƙiri makulli ka aika shi:

```
ssh-keygen -t ed25519
ssh-copy-id suna@192.168.1.50
```

A madadin `suna` da 192.168.1.50 sa sunan asusunka da adireshin sabar ɗinka. Gwada shiga da makullin. Sai ka tabbatar ya yi aiki sannan ka buɗe `/etc/ssh/sshd_config` ka sa `PasswordAuthentication no` da `PermitRootLogin no`. Ka bar tagar da kake ciki a buɗe, ka gwada shiga ta wata sabuwa, don kada ka kulle kanka a waje.

Kunna katangar tsaro:

```
sudo ufw default deny incoming
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 22 proto tcp
sudo ufw enable
```

A nan akwai abin lura ga mai layin haɗaka. Duk wanda ke kan wannan Wi-Fi ɗin yana cikin gida ɗaya da sabar ɗinka: maƙwabci, baƙonsa, da tsohuwar wayar wani da ta kwashi ƙwayar cuta. Idan ba ka san duk mutanen da ke kan layin ba, kada ka buɗe wa zangon gaba ɗaya, ka rubuta adireshin kwamfutarka kaɗai. Mafi kyau ma, ka sayi ƙaramar rauta taka ka jona ta a bayan ta gidan, kayanka su zauna a bayanta. Za ka zama a bayan NAT biyu ko uku, amma hanyoyin da za mu bi ba su damu da yawansu ba.

Masu amfani da Docker, manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji kowacce a akwatinta, su kiyaye: idan ka fitar da ƙofa da `-p 8080:80`, Docker yana rubuta nasa dokokin, ya zagaye ufw. Za ka ɗauka ƙofar a rufe take, alhali kowa a kan layin yana ganinta. Rubuta `-p 127.0.0.1:8080:80` idan ba ka son ta fita daga cikin kwamfutar. Ka kuma ɗora `unattended-upgrades` don gyare-gyaren tsaro su riƙa shiga da kansu.

Mataki na uku: wa ke buƙatar shigowa?

Wannan tambayar ta fi duk wani umarni da za ka buga muhimmanci. Idan kai ne da iyalinka da abokai biyu ko uku, ba ka da dalilin fito da sabar fili. Adireshin da duk ya bayyana a intanet, cikin ɗan lokaci na'urorin masu laluben ƙofofi za su fara gwada shi, dare da rana, ba don sun san ka ba, sai don haka suke yi wa kowa. Hotunan 'ya'yanka da takardunka ba su da abin yi a irin wannan wurin. Fitowa fili ta dace ne da abin da aka yi don jama'a, kamar shafin da kake son kowa ya karanta.

Hanya ta farko: kai da naka kaɗai

A ganina mutum tara cikin goma nan ya kamata su tsaya. Tailscale yana haɗa na'urorinka su zama kamar suna ɗaki ɗaya ko da suna ƙasashe daban. An gina shi a kan WireGuard, tsarin ɓoye sadarwa da Jason Donenfeld ya ƙirƙira, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux a sigar 5.6 a shekarar 2020. A kan sabar:

```
curl -fsSL https://tailscale.com/install.sh | sh
sudo tailscale up
```

Zai ba ka mahaɗi, ka buɗe a burauza ka shiga da asusunka. Ɗora manhajar a waya da laftof, ka shiga da asusun nan dai. Kowace na'ura za ta sami adireshi mai farawa da 100, wanda `tailscale ip -4` zai nuna maka. Ka ce wa ufw ya bar abin da ya zo ta wannan hanyar:

```
sudo ufw allow in on tailscale0
```

Yanzu kashe Wi-Fi a waya, ka koma kan data, ka buɗe adireshin sabar da lambar ƙofar manhajarka, misali 8096 idan Jellyfin ce, manhajar kallon bidiyo daga sabar.

Yadda abin yake aiki yana da ban sha'awa. Wayarka da sabar duka suna fita waje su gaya wa cibiyar Tailscale inda suke. Sai su aika wa juna saƙo a lokaci guda. Kowane maigadi ya ga ɗan gidansa ne ya fara aikawa, don haka ya ɗauki saƙon da ke shigowa a matsayin amsa, ya bar shi ya wuce. Idan NAT ɗin mai tsauri ne, dabarar ba ta ci ba, sai saƙonnin su bi ta tashoshin Tailscale da ake kira DERP. A ɓoye suke wucewa, tashar ba ta iya karanta su, amma gudu yana raguwa. Umarnin `tailscale status` zai nuna maka ko kai tsaye kuke magana ko ta tasha. Idan ɓangarorin biyu suna da IPv6, galibi kai tsaye ake samu, kuma nan ne amfaninsa yake fitowa ba tare da ka buɗe komai ba.

Abu ɗaya da ke kama mutane: makullin kowace na'ura yana ƙarewa bayan kwana 180 idan ba a canza saitin ba. Shiga shafin gudanarwa ka kashe ƙarewar makulli ga sabar, in ba haka ba wata rana kana tafiya za ta ɓace maka. Wanda ba ya son dogaro da kamfani yana iya kafa Headscale, cibiyar da mutum ke riƙe da kansa, ko ya gwada ZeroTier, mai aiki irin wannan.

Hanya ta biyu: shafin da kowa zai gani

Idan shafin jama'a kake so, Cloudflare Tunnel shi ne mafi sauƙi. Wata ƙaramar manhaja, cloudflared, tana zaune a sabar ɗinka, ta fita ta riƙe bututu zuwa Cloudflare. Mai ziyara yana zuwa wurin Cloudflare, su kuma su turo buƙatarsa ta cikin bututun. Kana buƙatar sunan shafi naka, wanda Cloudflare ke riƙe da bayanan DNS ɗinsa, wato bayanan da ke haɗa suna da adireshi. Bayan ka ɗora cloudflared:

```
cloudflared tunnel login
cloudflared tunnel create gida
cloudflared tunnel route dns gida shafi.example.com
```

Umarni na biyu zai ba ka doguwar lambar bututu da fayil na shaida. Kwafi fayil ɗin zuwa `/etc/cloudflared/`, ka rubuta `config.yml` a wurin:

```
tunnel: LAMBAR-BUTUTU
credentials-file: /etc/cloudflared/LAMBAR-BUTUTU.json
ingress:
  - hostname: shafi.example.com
    service: http://localhost:8080
  - service: http_status:404
```

Layin ƙarshe wajibi ne, shi ke karɓar duk buƙatar da ba ta dace da kowane suna ba. Sai `sudo cloudflared service install` don bututun ya riƙa tashi tare da kwamfutar.

Ka san abin da ka bayar kafin ka karɓa. Cloudflare ne ke buɗe ɓoyayyen saƙon mai ziyara kafin ya sake rufe shi ya turo maka, wato abin da ke wucewa yana bi ta hannunsu a buɗe. Ga shafin rubuce-rubuce wannan ba komai ba ne. Ga ma'ajiyar kalmomin sirri ko takardun asibiti, ni ba zan bi nan ba. A tsarin kyauta, fayil ɗin da za a aiko maka a buƙata ɗaya ba ya wuce megabayit 100, kuma sharuɗɗansu suna da ƙa'ida a kan tura bidiyo da manyan fayiloli, ka karanta kafin ka ɗora rumbun finafinai a kai. Sannan bututun ba ya gyara ramin da ke cikin manhajarka. Idan shafin yana da ɓangaren gudanarwa, ka sa Cloudflare Access, mai tantance mutum kafin ya shiga, a gabansa, ko ka bar wannan ɓangaren a kan Tailscale kaɗai.

Hanya ta uku: ka yi hayar ƙofa a waje

Wannan ta fi aiki, amma ita ce ke ba ka cikakken iko, kuma ita ce nake bi ga duk abin da ba shafin burauza ba ne, kamar sabar wasa. Za ka yi hayar ƙaramar kwamfuta a cibiyar ajiyar bayanai, wadda ake kira VPS. Mafi ƙanƙanta ta isa, don ba ta ajiye komai, aikinta miƙa saƙo. Abin da kake saye a zahiri shi ne adireshinta na fili. Zaɓi wadda ke kusa da kai ko da masu ziyararka, domin kowane saƙo zai je can kafin ya zo gida. Ka kuma duba yawan datar da aka yarda ta wuce a wata.

Ɗora WireGuard a kan duka biyun da `sudo apt install wireguard`, sannan a kowacce ka ƙirƙiri makullai:

```
umask 077
wg genkey | tee sirri | wg pubkey > fili
```

Makullin sirri ba ya barin kwamfutar da aka haife shi. Na fili shi ake musaya. A kan VPS, fayil ɗin `/etc/wireguard/wg0.conf`:

```
[Interface]
Address = 10.8.0.1/24
ListenPort = 51820
PrivateKey = MAKULLIN-SIRRI-NA-VPS

[Peer]
PublicKey = MAKULLIN-FILI-NA-GIDA
AllowedIPs = 10.8.0.2/32
```

A sabar gida:

```
[Interface]
Address = 10.8.0.2/24
PrivateKey = MAKULLIN-SIRRI-NA-GIDA

[Peer]
PublicKey = MAKULLIN-FILI-NA-VPS
Endpoint = 203.0.113.10:51820
AllowedIPs = 10.8.0.1/32
PersistentKeepalive = 25
```

Adireshin 203.0.113.10 misali ne, sa na VPS ɗinka a madadinsa. Ka lura cewa ɓangaren gida ne kaɗai ya san inda ɗan'uwansa yake. VPS bai san adireshin gida ba, ba ya ma buƙata, gida ne ke kiransa. Layin `PersistentKeepalive` shi ne ran wannan tsarin gaba ɗaya. Maigadin NAT yana goge sunanka daga littafinsa idan ya ɗan jima bai ga motsi ba, daga nan saƙon VPS ba zai sake samun hanya ba. Wannan layin yana sa gida ya aika ɗan ƙaramin saƙo kowane daƙiƙa 25 don sunan ya ci gaba da zama. Duk wanda ya ce maka bututunsa yana aiki na ɗan lokaci sannan ya mutu, fara tambayarsa wannan layin.

Hakanan `AllowedIPs` na gida: ka bar shi a kan adireshin VPS kaɗai. Idan ka sa 0.0.0.0/0, duk intanet ɗin sabar zai koma bi ta VPS, abin da ba ka nema ba.

A kan VPS buɗe ƙofofin da ake buƙata, sannan ka tada bututun a duka ɓangarorin:

```
sudo ufw allow 22/tcp
sudo ufw allow 51820/udp
sudo ufw allow 80,443/tcp
sudo ufw enable
sudo systemctl enable --now wg-quick@wg0
```

Layin ƙarshe ne kaɗai za ka maimaita a gida. `sudo wg show` zai nuna lokacin gaisuwar ƙarshe tsakaninsu. Idan babu gaisuwa, ko an juya makullai, ko kamfanin VPS yana da tasa katangar a shafin gudanarwa da ba ka buɗe ba. Daga VPS, `ping 10.8.0.2` ya kamata ya amsa.

Saura mai karɓar baƙi. Ɗora Caddy a kan VPS, ka nuna sunan shafinka zuwa adireshin VPS a bayanan DNS, ka rubuta wannan a `/etc/caddy/Caddyfile`:

```
shafi.example.com {
    reverse_proxy 10.8.0.2:8080
}
```

Caddy zai karɓo takardar shaidar HTTPS daga Let's Encrypt da kansa, ya kuma riƙa sabunta ta kafin ta ƙare. A gida sai ka bar ƙofar ga bututun kawai:

```
sudo ufw allow in on wg0 to any port 8080 proto tcp
```

Manhajar gida dole ta saurari adireshin 10.8.0.2, ba 127.0.0.1 kaɗai ba. Idan ka ga ƙananan shafuka suna buɗewa amma manya suna maƙalewa a tsakiya, matsalar girman ƙunshin saƙo ce. WireGuard yana amfani da 1420 a al'ada, wasu layukan waya ba sa ɗauka. Sa `MTU = 1280` a ɓangaren sama na fayil ɗin duka biyun, ka sake tayarwa.

Yanzu kwamfuta biyu kake kula da su, kuma ta wajen tana fili. Duk abin da ka yi wa ta gida a mataki na biyu, makullin SSH da hana kalmar sirri da sabuntawa, ka yi wa VPS tun ranar farko.

Haƙƙin waɗanda kuke layi ɗaya

Wannan ɓangaren ba a cika maganarsa ba, kuma ina ganin bai kamata a wuce shi ba. Dabarun nan duka suna aiki ba tare da mai rauta ya sani ba. Iya yin abu a ɓoye bai mai da shi halal ba. Idan layin na makaranta ne ko na wurin aiki, akwai doka a rubuce, kuma haƙa bututu ta bayan katangarsu na iya jawo maka kora ko abin da ya fi haka. Idan na gidan haya ne ko na abokan zama, ka faɗa musu abin da kake yi. Adireshinku ɗaya ne a idon duniya. Idan aka kutsa sabar ɗinka aka yi ɓarna da ita, sunan wanda ya ɗaura layin ne a takarda, kuma kowa a gidan zai iya tarar da shafuka sun fara toshe shi.

Sai maganar gudu. Yawancin layukan gida suna da faɗin saukewa, amma hanyar aikawa siririya ce, sabar kuma aikawa take yi. Gwada gudun aikawarka. Idan megabit 10 ne a daƙiƙa, mutum ɗaya da ke kallon bidiyo mai kyau daga sabar zai iya cinye rabi ko fiye. Da hanyar aikawa ta cika, kiran bidiyon kowa a gidan zai fara sarƙewa, ko da saukewa ba ta cika ba, domin saƙonni suna yin dogon layi a rauta. Maganin shi ne ka sa wa kanka linzami. Jellyfin yana da wurin iyakance gudun masu kallo daga waje. `rsync` da `rclone` suna da `--bwlimit`. Manyan ayyukan kwafi ka tura su tsakar dare. Idan rautar taka ce kuma tana da SQM, saitin da ke hana saƙonni yin dogon layi, kamar masu manhajar OpenWrt, kunna shi ka sa iyakar ta ɗan gaza ainihin gudun layin. Idan layin na ƙidayar data ne, ka tuna duk abin da aka ɗauka daga sabar daga kason kowa yake fita.

Gwaji, da abin da za ka yi idan ta mutu kana nesa

Kullum ka gwada daga waje, da datar waya. Gwaji daga cikin gida yana ruɗi: wani lokaci ya yi aiki alhali daga waje ba ya yi, wani lokaci akasin haka. Wasu Wi-Fi na haɗaka ma suna hana na'urori ganin juna, ka ga sabar tana ɗakinka amma wayarka ba ta samunta sai ta Tailscale.

Bayan komai ya tsaya, zare wayar wutar sabar ka mayar, ba tare da ka taɓa madannai ba. Idan ta tashi, bututu ya haɗu, shafi ya buɗe, to ka gama. Idan sai ka shiga ka buga wani umarni, akwai hidimar da ba ka sa `systemctl enable` ba. Maimaita gwajin da rauta: kashe ta minti biyu ka kunna, ka ga ko bututun ya dawo da kansa.

Ko ka bi hanya ta biyu ko ta uku, ka bar Tailscale a kan sabar a matsayin ƙofar baya, don ranar da bututun ya lalace ka sami ta inda za ka shiga ka gyara. Ƙaramin UPS da zai riƙe sabar da rauta tare yana kare faifai daga yankewar wuta ba zato. Ka kuma sa wani abu daga waje ya riƙa leƙa shafin yana sanar da kai idan ya faɗi. Uptime Kuma yana yin wannan, kuma a kan VPS ya kamata ya zauna, don wanda ke cikin gida zai mutu tare da abin da yake gadi.

Faifan da ke cikin tsohuwar kwamfuta zai lalace wata rana, kuma ba ya sallama. Abin da ba ka son rasawa ka ajiye shi kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gidan. Manhajar restic tana ɓoye bayanan kafin ta aika su, don haka ko a kwamfutar wani ka ajiye ba zai iya karantawa ba. Kalmar sirrin ma'ajiyar ka rubuta ta a takarda ka adana nesa da sabar, sannan sau ɗaya a wata ka dawo da fayil guda daga kwafin ka buɗe shi, ka tabbatar yana buɗuwa.